Fashin baƙi: Yadda za ka zaɓi amfilin sinimar gida a ƙasar zafi da ƙura

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a Garwa ko Marwa da niyyar haɗa sinima a falonsa, abin da za a fara nuna masa shi ne lambar wat da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Cikin duk abin da aka rubuta a kwalin, babu wanda ya kai wannan lamba rashin amfani. Abin da zai gaya maka ko na'urar za ta yi maka shekaru, ko kuwa za ta ƙone kafin damina ta zagayo, a bayanta yake: ƙaramin rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga, da jerin ramukan HDMI, da lambar om (Ω, ma'aunin yadda sifika ke jan wuta) da ke ƙarƙashin maɗauran wayar sifika. Ka ce wa mai shago ya juya maka ita tukuna.

Na'urar da muke magana a kai ita ce wadda takardun Faransanci ke kira ampli-tuner home cinéma, na Ingilishi kuma AV receiver. A kasuwa amfili kawai ake cewa. Ba ita ce dikodar tauraron ɗan adam ba, duk da cewa wasu na kiran dukansu risiba. Amfili yana karɓar hoto da sauti daga dikoda da na'urar wasa da akwatin intanet, ya miƙa wa talabijin wanda ka zaɓa. Yana warware sautin da aka ƙunshe da Dolby ko DTS ya rarraba shi: magana zuwa sifikar tsakiya, kiɗa zuwa dama da hagu, ƙarar ruwan sama da hayaniyar filin ƙwallo zuwa baya, rugugi zuwa wufa, wato sifikar sauti mai kauri. Sannan ya ba kowace sifika ƙarfin da za ta motsa da shi. Ya sha bamban da saitin nan da ake sayarwa a kwali guda, wufa da 'yan sifikoki biyar, wanda in allonsa ya mutu sai a yi asarar duka. Da amfili, kowane ɓangare kana iya sauya shi daban.

Wuta ce tambayar farko

Wutar Kamaru da ta Chadi bolt 220 ce, hats 50. Kayan da aka yi wa Turai an rubuta musu 230V 50Hz, kuma suna aiki a nan ba matsala. Haka na Najeriya da ke shigowa ta Mubi ko Yola, sai dai kan wayarsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, a sauya shi ko a sa adafta mai kyau. Haɗarin yana ga kayan gwanjo na Amurka da Kanada masu 120V 60Hz, da na Japan masu 100V. Cajar waya da talabijin da dama na yanzu suna karɓar komai daga 100 zuwa 240, shi ya sa mutane suka ɗauka kowace na'ura haka take. Amfili ba haka yake ba. Mafi yawansu taransifoma ce mai nauyi a ciki, an naɗe ta don wutar ƙasa ɗaya. Ka cusa na 120 a soket ɗinmu, in an yi sa'a fiyus ne zai tsinke, in ba a yi ba sai wari da hayaƙi. Akwai 'yan samfura da ke da makunnin zaɓen wuta a baya, 110-120 ko 220-240. In ka samu irinsu, ka tabbata yana kan 220-240 kafin a kunna, ba bayan an kunna ba.

Ana iya tafiyar da na Amurka da taransifomar rage wuta, amma sai ƙarfinta ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da aka rubuta a bayan amfilin. Ko da haka, taransifomar da aka yi wa hats 60 takan fi ɗaukar zafi a kan 50, kuma rediyon FM ɗinsa yakan tsallake wasu tashoshi saboda a Amurka lambobin tasha da mara suke ƙarewa, kamar 94.1 ko 94.3. Ra'ayinmu a nan a fili yake: in akwai na 220, kada arahar na 120 ta ruɗe ka. Wata rana wani a gidan zai cire wayar ya cusa ta kai tsaye a bango.

Bayan wannan sai halin wutar kanta. Arewacin Kamaru ya dogara sosai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma kowa ya san yadda ake fama idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani: a ɗauke, a kawo, ta yi ƙasa da yamma lokacin da kowa ya kunna fanka. Amfili ya fi tsoron lokacin da aka dawo da wuta fiye da lokacin da aka ɗauke. Don haka kuɗin sitabilaiza, wadda ake kira regilata, yana cikin kuɗin amfili tun farko. Lissafin ba wuya. Ka haɗa lambobin da ke bayan kowace na'ura: a ce amfili wat 450, wufa 150, talabijin 120, dikoda 20. Jimla 740. Ƙarfin sitabilaiza da VA ake rubuta shi, kuma yana raguwa idan wutar da ke shigowa ta yi ƙasa, don haka mai 1500 VA za ka ɗauka, ko 2000 in unguwarku wuta tana faɗuwa sosai. Ka nemi mai maɓallin jinkiri, wadda ke dakatawa kafin ta saki wuta bayan an dawo da ita. Kada ka haɗa firij a kanta.

Masu sola su lura da irin inbatarsu. Mai fitar da wuta tsarkakakkiya, wadda ake rubuta wa pure sine wave ko pur sinus, ita ce ta dace. Mai araha da ke fitar da wuta mai kusurwa takan sa taransifomar amfili ta riƙa gurnani tana zafi, wani lokaci har zizar ta fito ta sifika. Kuma amfili yana cin wat gommai ko da shiru yake, muddin a kunne yake. Wanda batirinsa kaɗan ne ya nemi samfurin da ke da tsarin ECO na rage cin wuta.

Zafi

Littattafan Denon sukan rubuta cewa a yi amfani da na'urar tsakanin digiri 5 da 35. A Garwa, cikin Maris da Afrilu, zafin waje yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano ba ya da nisa da haka. Ke nan kafin ka kunna ma ka riga ka kai iyakar da masu ƙera shi suka yanka. Yawancin amfili suna zubar da kaso mai yawa na wutar da suka ci a matsayin zafi, kuma zafin sama yake tashi ya ratsa ta allon HDMI, wanda galibi a can sama yake zaune. Shi ya sa ciwon da aka fi gani a tsofaffin amfili shi ne: fitila na ci, rediyo na yi, amma hoto da sauti ta HDMI sun ɓace. Gyaran wannan allo yana da wuya, samun sabonsa ya fi wuya.

Yamaha kan ce a bar santimita 30 a sama, 20 a kowane gefe, 20 a baya. Kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi da kafintoci ke yi bai cika wannan sharaɗi ba. Ka auna gurbin kafin ka je kasuwa. Faɗin yawancin amfili ya kai santimita 43 zuwa 44, zurfinsu ya haura 30, ban da wurin wayoyi. Kada a ɗora dikoda a kansa. Sai kuma al'adar nan ta rufe kayan falo da ƙyalle mai ado saboda ƙurar hunturu. Dalilin na gaskiya ne, don ƙura tana toshe ramukan iska ta kwanta a kan ƙarfen da ke shanye zafi. Amma a rufe shi bayan an kashe ya huce, a yaye kafin a kunna. Ƙaramar fankar kwamfuta mai santimita 12 da ke aiki da USB, a ɗora ta a kan ramukan sama tana jan iska waje, ba ta da tsada, kuma tana cikin abubuwan da suka fi ƙara wa amfili kwana a ƙasar nan. Idan hunturu ya wuce, a cire wuta a hure ƙurar da abin hura iska.

Sifikoki nawa falonka zai ɗauka

A lamba kamar 5.1.2, ta farko sifikokin da ke daidai kunne ce, ta biyu wufa, ta uku na sama. Tsarin 5.1 shi ne hagu, tsakiya, dama, da biyu na kewaye. A 7.1 an ƙara biyu a bayan mai zama. A nan ne mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. Dubi yadda muke jera kujeru: manne da bango, tsakiyar falo fili don shimfiɗa da baƙi. Idan bayan kujerarka bango ne, sifikokin baya na 7.1 ba su da wurin zama, don suna bukatar akalla kamar mita ɗaya tsakaninsu da kanka. In ka matsa ka rataye su a bisa ƙeya, sautin zai cakuɗe da na gefe, ba za ka ji bambanci ba. A falo mai mita 4 da 5, tsarin 5.1 da aka zaunar daidai ya wadatar. Na gaba biyu su buɗe kamar digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya, na kewaye su zauna a gefe ko ɗan baya kaɗan, wajen digiri 90 zuwa 110, sama da kan mai zama kaɗan.

Duk da haka akwai dalilin sayen amfili mai tashoshi bakwai, wato mai tafiyar da sifika bakwai: biyun da suka rage ana iya mayar da su na sama, a samu 5.1.2 na Dolby Atmos. Atmos ya fara a gidajen sinima a 2012, ya shigo gidaje a 2014, DTS:X kuma ya biyo baya a 2015. Sifikar da aka huda silin aka saka ta fi aiki. Akwai wadda ake ɗorawa a kan sifikar gaba ta harba sauti sama ya dawo, amma sai silin ɗin ya zama shimfiɗaɗɗe, mai tauri, ba mai tsayi sosai ba. Ɗakin da kwano ne tsirara a sama, ko silin ɗin katako da ya saki yana karkarwa, bai dace da wannan ba. Ka kuma tuna fankar sama da ke juyawa wata tara a shekara a daidai inda sautin zai bi. Kuma idan ka ga 7.2, lambar 2 tana nufin ramukan wufa biyu ne kawai, a ƙananan samfura ma sauti ɗaya ne ke fita ta dukansu.

In kuɗi bai kai ba, fara da 3.1: hagu, dama, tsakiya, da wufa. Sifikar tsakiya ita ke ɗauke da kusan duk maganar fim, ita ce za ta hana ka ƙara murya lokacin hira ka rage lokacin harbi. Gara amfili matsakaici da sifikoki uku nagari a kan babban amfili da sifikoki bakwai na roba. In mu ne, abin da zai tafi ga amfili ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin duka ba, sauran na sifikoki ne da wufa da sitabilaiza da waya.

Gaskiyar lambar wat

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Amfili ɗaya yana iya ɗaukar lambobi biyu ko uku, kuma duk ba a yi ƙarya ba, yanayin awon ne ya bambanta. Awon da za ka yarda da shi zai faɗi abu huɗu: om 8, daga hats 20 zuwa 20,000, gurɓatar sauti ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, tashoshi biyu suna aiki tare. Awon talla kuwa zai ce om 6, sauti ɗaya na hats 1,000, tasha ɗaya tak, gurɓata har kashi 10 cikin ɗari. Na'urar da ta ba da wat 80 a awon farko tana iya haura 130 a na biyu. Duk inda ka ga PMPO kuwa, da dubban wat a gabansa, ka kau da kai, wannan ba awo ba ne.

Akwai hanyar gane iyakarsa a tsaye cikin shago. An ce maka wat 150 sau bakwai, wato 1,050, amma a baya an rubuta yana cin wat 400 da ɗoriya. Wannan lambar ta baya ba ita ce ƙololuwar abin da zai iya ja na ɗan lokaci ba, amma ta isa ta nuna maka cewa tashoshi bakwai ba za su ba da 150 kowacce a lokaci guda ba. Ɗaga shi ma ka ji. A irin amfili mai taransifoma, nauyi shaida ne. Akwai na zamani masu tsarin da ake kira Class D, marasa nauyi kuma masu ƙarfi, ba sa kuma zafi sosai, su wannan gwajin bai shafe su ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kunne ba ya jin wat yadda aljihu ke jin sa. Ninka wat sau biyu desibel 3 (dB, ma'aunin ƙarar sauti) kawai yake ƙarawa, ƙari ne da za ka lura da shi amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kamar desibel 10, wato wat ninki goma. Tsakanin amfili mai wat 80 da mai 100 bambancin bai wuce desibel ɗaya ba. Yanzu dubi lambar da ke bayan sifika, wadda ke nuna ƙarar da take yi da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. A ce 88 dB ce, kai kuma kana zaune mita 3 daga gare ta. Nisan zai cinye kamar desibel 9 da rabi, bangon ɗaki ya dawo maka da wani abu. Da wat 1 kana da kusan 79, da wat 10 kusan 89, da wat 50 kusan 96. Desibel 89 ya isa maƙwabci ya aiko yaro. Sifika mai 91 dB kuma rabin wat ɗin mai 88 take bukata don yin ƙara ɗaya. Ke nan wat 70 zuwa 90 na gaskiya sun ishi yawancin falukanmu, musamman da yake wufa tana da nata amfilin a ciki kuma ita ke ɗauke da aikin da ya fi cin ƙarfi.

Kuma ƙaramin amfili da aka murɗe har ƙarshe yana ƙona sifika kamar yadda babba ke yi. Idan ƙarfinsa ya ƙare sai sautin ya fara tsagewa, wannan tsagewar ce ke gasa 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Da ka ji murya ta fara kaushi, rage. Amfilin sinima ba na biki ba ne; wanda zai fitar da sauti tsakar gida ranar suna ya nemi kayan masu haya.

Om

A bayan amfili za ka ga an rubuta 6-16Ω ko 4-16Ω. A bayan sifika kuma 8, 6 ko 4. Duk yadda lambar sifika ta yi ƙasa, haka take jan wuta da yawa, amfili ya ƙara zafi. Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, ɗauko sifikokin tsohon saitin kwali guda a ɗaura wa sabon amfili. Da yawansu om 3 ko 4 ne, kuma wufarsu ba ta da wutar kanta, ramin wufa na amfili kuwa sigina kawai yake fitarwa ta wayar RCA, ba zai motsa ta ba. Wufar da kake bukata ita ce mai wayar wutarta daban. Na biyu, cusa wayar sifika biyu a maɗauri ɗaya. Biyu masu om 8 sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2. Amfili zai yi ta kashe kansa da zarar an ƙara murya, wata rana ya ƙi tashi gaba ɗaya.

HDMI, inda tsohon amfili ke tsufa

Ɓangaren ƙarfi na amfili yana iya shekara ashirin lafiya lau, ramukan hoto ne ke zama tsohon yayi. In talabijin ɗinka 4K ne kuma ta cikin amfili hoton zai bi, ramukan su zama akalla HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013, tare da HDCP 2.2, tsarin hana kwafin fim, kuma su iya wuce da HDR, tsarin da ke ƙara wa hoto haske da launi. In babu HDCP 2.2, hoton 4K na manhajojin fim zai faɗo zuwa 1080 ko allo ya yi baƙi. Ka duba rubutun da ke saman kowane rami, don a wasu samfuran wajejen 2015 ba duk ramukan ke da shi ba. HDMI 2.1, na 2017, da rubutun 8K ko 4K 120, amfaninsa ga mai PlayStation 5 ne ko Xbox Series X da talabijin mai hats 120. Wanda dikoda da fim kawai yake kallo ba ya bukatar biyan kuɗinsa. Mai wasan kuma ya yi hattara da wasu samfuran 2020, rukunin farko na 2.1, da aka samu suna da matsala wajen wuce da 4K 120 daga Xbox.

Sai ARC da eARC, waɗanda suka fi shafar yawancin gidaje yanzu da yake manhajoji a cikin talabijin suke. ARC yana dawo da sautin talabijin zuwa amfili ta wayar HDMI ɗin da ta haɗa su. Yana ɗaukar Dolby Digital 5.1, a talabijin da dama har da Dolby Digital Plus, wanda Netflix ke amfani da shi. eARC ya fi faɗi, yana ɗaukar Dolby TrueHD na faifan Blu-ray. Fa'idarsa babba ita ce kana iya cusa komai a talabijin kai tsaye ka bar amfili da sauti kawai. Dole wayar ta shiga ramin da aka rubuta wa ARC a ɓangarorin biyu, a kuma kunna CEC, saitin da ke sa na'urori su yi magana da juna ta HDMI, wanda kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna: Anynet+ a Samsung, Simplink a LG, Bravia Sync a Sony. Rabin ƙorafin "babu sauti" daga nan yake.

Tsohon amfili mai kyau da ba shi da waɗannan bai mutu ba. Wayar optik daga talabijin tana kawo Dolby Digital da DTS 5.1, ba ta dai kawo Atmos ko TrueHD. Sai dai talabijin ɗin Samsung tun daga 2018 ba sa karɓar DTS, don haka fim mai DTS a filashi zai fito shiru in ta cikinsu ya bi. Bluetooth kuwa tashoshi biyu ne kawai, na waƙa da karatu daga waya ne, ba na sinima ba.

Ka tambayi kanka kuma me ake kallo a gidan. Yawancin finafinan Hausa, da abin da ke YouTube, da finafinan da ake turawa a filashi a shagunan caji, sautinsu tashoshi biyu ne. Amfili ba zai ƙirƙiro abin da ba a naɗa ba. Abin da zai iya shi ne ya baza shi da Dolby Surround ko DTS Neural:X, ko Pro Logic II a tsofaffi, ya tura magana tsakiya, amon wuri baya. Yana daɗi, musamman a ƙwallo. A dikodar Canal+ ko wata, shiga saitin sauti ka zaɓi Dolby ko bitstream maimakon PCM, sannan ka dubi fuskar amfili, za ta rubuta ainihin abin da ke shigowa. In ta ce PCM ko Stereo, tashoshi biyu kake samu, ko sifika nawa ke ƙara.

Makirfon awo da kayan gwanjo

Falukanmu siminti ne da tayil, sauti yana dukan bango ya dawo, magana ta riƙa amsa-kuwwa. Kafet da labule masu kauri suna rage wannan fiye da kowace na'ura. Bayan su sai tsarin awon ɗaki: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, AccuEQ a Onkyo, Dirac Live a wasu masu tsada. Ana cusa ɗan makirfo a gaban amfili, a tsayar da shi daidai tsayin kunnen mai zama, ba a hannu ba, ba a kan hannun kujera ba. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe taga, a zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit. Maɓallin muryar wufa a sa shi wajen rabi, na yankan sautinta a buɗe har ƙarshe. Idan ya gama, duba abin da ya zaɓa. Sau da yawa yakan sa sifikokin gaba a Large, wato Grande. Mayar da su Small, ka sa mahaɗarsu da wufa a hats 80, 'yan ƙanana kuma 100 zuwa 120. Wannan yana sauke wa amfili nauyi, ya rage masa zafi.

Makirfon nan shi ne abin da ya fi ɓacewa a kayan gwanjo, shi da rimot, kuma na wani kamfani ba ya maye gurbin na wani. In babu su, farashi ya sauka. Kada ka biya sai an gwada a gabanka, kuma gwajin ba waƙa ta Bluetooth ba ce. Je da sifika ɗaya a ɗaura ta a kowane maɗauri bi da bi, ana kashewa kafin a sauya, a kunna sautin gwaji da ke cikin saiti, ka ji kowace tasha tana fitowa da ƙarfi ɗaya. A gwada kowane ramin HDMI da hoto na gaske. Bayan daƙiƙu kaɗan da kunnawa za ka ji "ƙas" a ciki; in ya yi sannan ya mutu fitila na ƙiftawa, akwai tashar da ta ƙone. Bar shi ya yi rabin awa yana aiki, don ciwon allon HDMI sai ya yi zafi yake bayyana. Haska tocilan ta ramukan sama ka duba ko kan wani kwandansa, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo, ya kumbura, ka shinshina ko akwai ƙauri, ka dubi kan sukurori ko sun sha sukundireba.

Wajen ɗaurawa, wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm² ta isa har kamar mita 10, abin da ya wuce haka a sa 2.5. Kankare bakin wayar da wuƙa a shago: in cikinta ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, sai ka ƙara kauri ko ka nemi wata. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a kowace sifika. In ɗaya ta juye, rugugi zai ragu, murya ta rasa tsakiya. Feɗe kamar santimita ɗaya kawai, ka murɗe silin tagullar tam. Sili ɗaya da bai kai gashin kai kauri ba, in ya leƙo ya taɓa maɗaurin kusa ko ƙarfen jikin amfili, ya isa ya sa shi kashe kansa, kuma shi ne abu na farko da za a duba kafin a ɗauka zuwa wurin mai gyara.

Idan damina ta kama, daga Yuni zuwa Satumba, sitabilaiza ba ta tsare ka daga tsawa, don ba ta soket kaɗai take shigowa ba. Takan biyo wayar farantin tauraro daga kan rufi, ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta cinye ramin amfili da na talabijin a lokaci guda. Da hadari ya haɗo, a cire wayar wuta daga bango, a kuma kwance wayar farantin daga bayan dikoda. Ta wannan wayar ce kuma zizar nan mai kauri ke yawan shigowa wufa. Kwance ta ka saurara: in zizar ta tsaya, ka gano tushenta, sai a haɗa duk na'urorin a kan sitabilaiza ɗaya, a sa mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan da ta farantin.